Dillancin intanet: Dalilan da suka sa ake barin shafuka barkatai ana komawa ga guda ɗaya

Dillancin intanet sana'a ce da mai shafi ke yin bayanin wani kaya ko wata hidima, ya sanya mahaɗar da za ta kai mai karatu kantin da ke sayarwa, idan ciniki ya faɗa a ba shi la'ada. Kaya ba nasa ba ne, shago ba nasa ba ne, jarinsa kawai shi ne mutanen da ke zuwa karanta abin da ya rubuta. Tun da sana'ar ta kafu, masu yin ta suka kasu gida biyu. Wasu na buɗe shafuka goma, ashirin, har ɗari, kowanne a kan wani ɗan ƙaramin fanni, da tunanin cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wasu kuma na tattara ƙarfinsu a shafi guda, su yi shekaru suna gina masa suna. A 'yan shekarun nan hanya ta biyu ta ƙara samun mabiya, kuma dalilan da suka jawo haka sun shafi duk wanda ke neman abinci ko neman a saurare shi ta hanyar wallafa a intanet, ciki har da 'yan jarida.

Asalin sana'ar da yadda take aiki

Kamfanin Amazon na Amurka ne ya yayata wannan tsari lokacin da ya buɗe shirinsa mai suna Amazon Associates a watan Yulin 1996, ko da yake kantin faya-fayan kiɗa na CDNow ya riga shi gwada irinsa a 1994. Daga baya aka samu kamfanonin da ke shiga tsakanin kantuna da dillalai, irin su LinkShare da aka kafa a 1996, da Commission Junction da ClickBank a 1998.

Kowane dillali yana da lambarsa da ke maƙale a jikin mahaɗar da ya sanya. Idan mai karatu ya latsa, sai a ajiye wata 'yar alamar shaida a wayarsa ko kwamfutarsa, wadda ake kira kuki, domin kanti ya san wanda ya turo mai sayayya. A Amazon wannan alama awa 24 kawai take aiki, sai fa idan mai saye ya jefa kayan cikin kwandon sayayya, inda wa'adin kan kai kimanin kwana 90. Sabon dillali kuma dole ne ya kawo ciniki uku cikin kwana 180 na farko, in ba haka ba a rufe asusunsa.

Kuɗin da dillali zai samu ya rataya ne a kan abubuwa uku: yawan masu zuwa shafinsa, yawan waɗanda suka yarda da shi har suka saya, da kason da kanti ya ga damar bayarwa. Na farko galibi a hannun Google yake, na uku a hannun kanti. Na tsakiya ne kaɗai dillali ke da iko a kai, kuma a nan ne muhawarar shafi ɗaya ko shafuka da yawa ta samo tushe.

Zamanin da yawa ke da riba

A shekarun 2000 buɗe shafuka barkatai dabara ce mai ci. Sunan adireshi mai ƙarewa da .com bai wuce dala 10 zuwa 20 a shekara ba, manhajar WordPress da ta fito a 2003 kyauta ce, na'urar binciken Google kuma ba ta da wuyar ruɗi. Idan mutane na yawan neman wata jimla, dillali sai ya sayi adireshi mai ɗauke da jimlar daidai, ya zuba gajerun maƙaloli goma ko ashirin, sau da yawa waɗanda aka kwafo daga bayanin da kanti ya yi wa kayansa. Daga nan sai ya sa sauran shafukansa su riƙa nuni zuwa ga sabon, domin Google na ɗaukar kowace mahaɗa daga wani shafi tamkar ƙuri'ar amincewa.

Masu wannan hanya suna da hujjoji. Idan shafi guda ya faɗi, saura na nan. Ana iya gwada fannoni da dama a ga wanda zai karɓu. Ana kuma iya sayar da shafi ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Manyan kamfanoni ma sun bi sahu da nasu salon na rubutu mai arha kuma mai yawa. Demand Media, mamallakin shafin eHow, ya shiga kasuwar hannayen jari ta New York a watan Janairun 2011, darajarsa ta kai kimanin dala biliyan 1.5, wato ta zarce ta kamfanin jaridar New York Times a lokacin.

Google ya sauya ma'auni

Wata guda bayan haka, a Fabrairun 2011, Google ya fitar da gyaran da aka sani da Panda, wanda kamfanin ya ce ya taɓa kashi 11.8 cikin ɗari na binciken da ake yi a Amurka. Abin da ya bambanta Panda shi ne yana duba shafi gaba ɗayansa. Idan maƙaloli marasa nauyi suka yi yawa a wuri, har masu kyau da ke cikinsa sai su nutse. A Afrilun 2012 aka fitar da Penguin, wanda ya auka wa mahaɗun da aka saya ko aka ƙirƙira don yaudara. A Satumban shekarar aka rage tasirin adireshin da ya dace da jimlar bincike idan abin da ke cikin shafin ba shi da inganci. A 2014 kuma Google ya cire tarin shafukan da aka buɗe don su riƙa ɗaga juna kawai.

Zagaye na biyu ya zo bayan shekara goma. A Afrilun 2021 Google ya fara fifita sharhin kaya da ke nuna cewa marubucin ya riƙe kayan a hannu ya gwada. A Agustan 2022 ya fito da tsarin tantance rubutu mai amfani, ya tsananta shi a Satumban 2023, sannan a Maris ɗin 2024 ya shigar da shi cikin babban tsarin bincikensa. A wannan watan ne ya sanar da sababbin haramce-haramce uku: samar da rubutu mai ɗimbin yawa don cika sakamakon bincike, ko da hannu ko da ƙirƙirarriyar basira, sayen tsohon adireshin da wa'adinsa ya ƙare don cin moriyar sunansa, da raɓewa a jikin babban shafi don amfani da martabarsa. Kamfanin ya ce gyaran ya rage rubutu mara inganci a sakamakon bincike da kashi 45 cikin ɗari. Ƙa'idojin Google sun kuma ambaci dillanci mara nauyi da sunansa, wato shafin da ke maimaita bayanin kanti ba tare da ƙara komai daga kansa ba.

Da waɗannan sauye-sauye hujjar raba haɗari ta yi rauni. Shafuka ashirin da mutum ɗaya ya gina da salo ɗaya, da marubuta iri ɗaya, kuma duk suna jiran baƙi daga ƙofa ɗaya, cuta ɗaya ce ke kama su. Ranar da ma'auni ya sauya, tare suke faɗuwa.

Abin da shafi ɗaya ke tarawa

Hujja ta farko ta lissafi ce. Mutumin da ke aiki awa 40 a mako, idan yana da shafuka goma, kowanne awa huɗu zai samu. A cikin awa huɗun nan ne zai sabunta manhaja, ya toshe kafar masu kutse, ya gyara farashin da ya tsufa, ya cire mahaɗun da suka mutu, ya amsa saƙonni, kafin ya zo ga rubutu. Ba sauran lokacin da zai sayi kaya ya gwada su na makonni. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle goma.

Hujja ta biyu ita ce suna. Duk maƙala mai kyau da aka wallafa a shafi ɗaya tana ƙara wa sauran maƙalolin daraja, duk jaridar da ta ambaci shafin tana ƙarfafa adireshi guda, duk mai karatun da ya ji daɗi yana riƙe suna guda a kansa. A shafuka barkatai wannan daraja rarrabuwa take yi, kowane shafi ya samu ɗan abin da ba zai ɗaga shi ba.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Wirecutter, wanda Brian Lam, tsohon editan Gizmodo, ya kafa a 2011. Salonsa shi ne a gwada kayayyaki masu yawa na nau'i ɗaya, a zaɓi wanda ya fi dacewa da yawancin mutane, a bayyana dalili, a kuma riƙa sabunta maƙalar idan sabon kaya ya fito. Yawan maƙaloli bai dame shi ba. A Oktoban 2016 New York Times ta saye shi a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 30. Yana da ɗan'uwan shafi mai suna The Sweethome da ke kula da kayan gida, amma a 2017 aka haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya. A 2021 kuma aka fara karɓar kuɗin rajista daga masu karatu, abin da ba zai yiwu ba ga shafin da ba wanda ya san sunansa.

A Birtaniya akwai MoneySavingExpert, wanda ɗan jarida Martin Lewis ya buɗe a 2003 don bai wa jama'a shawara kan bankuna, bashi da kuɗin wuta. Shafin na sanya alamar tauraro a jikin duk mahaɗar da ke kawo masa la'ada domin mai karatu ya sani, yana kuma aika wasiƙar mako-mako ta imel ga miliyoyin mutane. A 2012 aka sayar da shi ga MoneySuperMarket a cinikin da zai iya kaiwa fam miliyan 87. A Amurka, NerdWallet da Tim Chen da Jacob Gibson suka kafa a 2009 ya girma daga kwatanta katunan bashi har ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq a Nuwamban 2021.

Hujja ta uku ita ce ƙarfin ciniki. Dillalin da ke turo masu saye da yawa daga wuri guda na iya zama da kanti su daidaita kan la'ada ta musamman, ya samu masu talla kai tsaye, ko ya sayar da abin kansa. Mai ƙananan shafuka ashirin sai dai ya karɓi abin da aka yanka wa kowa.

Inda hujjar ke da iyaka

Komawa shafi ɗaya ba laya ba ce. HouseFresh ƙaramin shafi ne da ke sayen na'urorin tace iska yana gwada su da kansa, wato yana yin abin da Google ya ce yana so. A Fabrairun 2024 ya wallafa ƙorafin cewa manyan mujallu da ba su nuna shaidar gwaji ba suna danne shi a sakamakon bincike, daga baya kuma ya ce ya yi asarar kashi 91 cikin ɗari na baƙin da Google ke kawo masa. Ƙananan masu wallafa da dama sun yi irin wannan kuka bayan gyaran Satumban 2023.

Ta ɓangaren kanti ma haka ne. A 2011 Amazon ya yanke hulɗa da dillalansa na jihar Kalifoniya na ɗan lokaci saboda rigimar haraji da ba su da hannu a ciki. A Afrilun 2020, ana tsakiyar annobar korona, ya rage la'adar kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa kashi 3, ta kayan abinci daga kashi 5 zuwa kashi 1, da sanarwar mako guda. Mai shafi ɗaya da mai shafi ɗari duk sun ji a jikinsu.

Sai kuma taƙaitattun amsoshin ƙirƙirarriyar basira da Google ya fara sanyawa a saman sakamakon bincike a Amurka a watan Mayun 2024. Wani nazari da cibiyar Pew ta fitar a Yulin 2025 ya nuna cewa idan irin wannan amsa ta bayyana, a kashi 8 cikin ɗari na ziyara kawai mutane ke latsa mahaɗar wani shafi, alhali idan babu ita adadin kashi 15 ne. Google ya soki hanyar da aka bi wajen nazarin, amma masu wallafa da yawa na cewa abin da suke gani ke nan.

Akwai kuma misalin da ya bi akasin hanya ya yi nasara. About.com babban shafi ne da ke magana a kan komai. New York Times ta saye shi a 2005 kan dala miliyan 410, ta sayar wa IAC a 2012 kan dala miliyan 300. Ƙarƙashin Neil Vogel aka yanyanka shi zuwa shafuka masu zaman kansu, irin su Verywell na lafiya, The Balance na kuɗi da The Spruce na harkar gida, aka sauya wa kamfanin suna zuwa Dotdash a 2017. Abin ya karɓu har kamfanin ya sayi Meredith a 2021 kan dala biliyan 2.7. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan shafuka yana da editocinsa da kasafinsa, kuma dalilin rabawar shi ne mai neman bayanin ciwon sukari ya fi yarda da shafin da ya keɓanta da lafiya. Darasin bai saɓa wa na Wirecutter ba: kada yawan shafuka ya wuce yawan waɗanda za a iya tsaya musu da gaske. Ga kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata adadin na iya kaiwa shida ko goma. Ga mutum ɗaya ko ƙaramar tawaga, da wuya ya wuce ɗaya.

Sunan da aka gina ma yana iya zubewa. Red Ventures ya sayi CNET a 2020 kan dala miliyan 500. A Janairun 2023 aka gano shafin na wallafa maƙalolin harkar kuɗi da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, kuma daga cikin 77 sai da aka yi wa 41 gyara. A 2024 aka sayar da shi ga Ziff Davis kan kuɗin da rahotanni suka ce bai wuce dala miliyan 100 da ɗoriya ba.

Alaƙar batun da labarai da siyasa

Dabarar shafuka barkatai ba ta tsaya a kan tallan tukwane da wayoyi ba. Gab da zaɓen Amurka na 2016, BuzzFeed News ta gano aƙalla shafuka 140 na siyasar Amurka da ake gudanarwa daga garin Veles na Masedoniya, yawancinsu a hannun matasa da ke kwafo labaran ƙarya don samun kuɗin talla. Bayan zaɓen, Google da Facebook suka sanar da hana irin waɗannan shafuka cin moriyar tallansu. A Yunin 2024 kamfanin NewsGuard ya ƙirga shafuka 1,265 a Amurka da ke shigar burtu a matsayin jaridun gari alhali masu wata manufa ta siyasa ne ke ɗaukar nauyinsu, adadin da ya zarce jaridun kullum 1,213 da suka rage a ƙasar.

Abin da ya haɗa waɗannan da dillanci mara nauyi shi ne rashin wanda za a tuhuma. Shafin da aka buɗe da niyyar a jefar da shi idan ya lalace ba ya jin tsoron ƙarya, domin ba shi da sunan da zai ɓaci. Shafin da mai shi ya sa sunansa da shekarunsa a ciki yana da abin asara, don haka yake gyara kuskure, yake bayyana inda kuɗinsa ke fitowa. Hukumomi ma sun shigo cikin lamarin. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, tun 2009 ta wajabta wa mai yabon kaya ya bayyana idan ana biyansa, a 2024 kuma ta kafa dokar da ta haramta sharhin bogi.

Yadda abin yake a Najeriya

Jumia da Konga, waɗanda duka aka kafa a Legas a 2012, sun gudanar da shirye-shiryen dillanci, kuma matasa da yawa sun shiga sana'ar ta wannan ƙofa. Akwai dalili na cikin gida da ke ƙara wa shafuka barkatai tsada. Kuɗin adireshi na ƙasashen waje, hayar ma'ajiyar shafi da manhajojin aiki galibi da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ke riƙe da shafuka goma kuma la'adarsa da naira take zuwa, nauyin da ke kansa ya ninka fiye da sau uku ba tare da ya ƙara ko shafi ɗaya ba.

Misalin juriya a wuri ɗaya ma akwai shi. Seun Osewa ya buɗe Nairaland a 2005, kuma shekara ashirin ke nan mutane na rubuta sunan da hannunsu su shiga, ba sai wani ya nuna musu hanya ba. Haɗarin dogara da dandalin wani kuwa 'yan Najeriya sun ɗanɗana shi lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Masu sana'ar da duk abokan cinikinsu a can suke sun gane cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Yadda ake haɗe shafuka

Wanda ya yanke shawarar tattarawa yakan fara da tantancewa: wane shafi ne ke kawo kuɗi, wanne ne mutane ke dawowa gare shi, wane fanni ne shi kansa ya sani sosai. Shafukan da fanninsu ya yi kusa da na babban shafi ana kwashe maƙalolinsu masu kyau, a gyara su, a haɗe waɗanda ke maimaita juna. Kowane tsohon adireshi sai a karkatar da shi zuwa maƙalar da ta maye gurbinsa ta hanyar umarnin ƙaura na dindindin mai lamba 301. Google na ba da shawarar a bar wannan umarni aƙalla shekara ɗaya. Tura dukkan tsofaffin adireshi zuwa fuskar farko ta sabon shafi kuskure ne, domin na'urar bincike kan ɗauke su tamkar shafukan da suka ɓata.

Shafin da fanninsa ya yi nisa, kamar na kiwon kaji da na gyaran waya, ba a cusa shi cikin babban shafi. Sayar da shi ake yi ko a rufe. Haka ma shafin da Google ya taɓa hukuntawa, ko wanda aka cika da mahaɗun saye, domin yana iya shigowa da matsalarsa. Mahaɗun la'ada kuma ana yi musu alamar cewa na talla ne, tsarin da Google ya fito da shi a 2019, a kuma faɗa wa mai karatu a fili.

Raba haɗari bai ɓace ba, wurinsa ne ya sauya. Maimakon shafuka da yawa masu ƙofa ɗaya, ana gina shafi ɗaya mai ƙofofi da yawa: wasiƙar imel, tashar WhatsApp ko YouTube, hulɗa da kantuna fiye da ɗaya, talla kai tsaye, da gudummawar masu karatu. Ma'aunin da masu sana'ar ke dubawa shi ne kason baƙin da ke zuwa da kansu, ta rubuta sunan shafin ko ta saƙon da suka yi rajistar karɓa. Idan wannan kaso na ƙaruwa wata bayan wata, sauyin da Google ko Amazon zai yi gobe na iya rage kuɗin shiga, amma ba zai rufe shafin ba.